Awon Sakewar Zuciya Idan Bugu Ya Rikice

A shekarar 1953, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro na'urar gano tsagewar ƙarfe daga masana'antar jiragen ruwa ta Malmo, suka ɗora ta a ƙirjin mutum. Daga nan aka fara leƙa zuciya da sauti. Sai dai an daɗe ana kallon yadda take matsewa ta tura jini, ba a cika kula da yadda take sakewa ta cika ba, har 1982 da Kitabatake da abokan aikinsa a Japan suka auna shigar jinin da dabarar Doppler. Jini kan shiga ɗakin ƙasa na hagu a zubi biyu: na farko idan tsokar ta saki, na biyu idan ɗakin sama ya matse ya turo ragowar. Aka sa musu suna E da A, ana kwatanta su.

A nan gizo ke saƙar, domin da zuciya mai bugu daidai aka yanka wannan ma'auni. Mai ciwon karkarwar ɗakin sama, ciwon da Thomas Lewis ya bayyana a Landan a 1909, ɗakin nasa rawa kawai yake yi, ba ya matsewa. Ke nan babu A sam, kuma tazarar kowane bugu daban take. Sauƙi ya samu ne a wajajen 1997, da su Nagueh a Amurka suka haɗa gudun jini da gudun tsokar kanta. Ƙa'idojin likitocin zuciya na 2016 sun ce idan rabon gudun jinin da na tsokar ya kai 11 a irin waɗannan majinyata, alama ce matsin jini a cikin zuciya ya hau, amma sai an auna bugu da yawa an ɗauki matsakaici. Haƙurin mai awo ya fi tsadar na'ura muhimmanci.

Wani zai ce ai zura bututu ta jijiya, irin na Swan da Ganz na 1970, ya fi faɗin gaskiya. Haka ne, amma yana da haɗari, kuma ba abin da za a maimaita duk zuwan majinyaci asibiti ba ne. Sukar da ta fi nauyi ita ce, a ƙasar Hausa rikicewar bugu sau da yawa daga tsukewar ƙofar zuciya take tasowa, bayan ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba, kuma a nan wancan rabo ba abin dogaro ba ne. Likitan Kano ko Maraɗi ya fara duba ƙofar kafin ya amince da lamba 11.