Jitar Bas da Tarihin James Jamerson

Kafin shekarar 1951, makaɗan Amurka da ke yawon kiɗa a gidajen rawa sun dogara ne da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, wanda ake kaɗawa a tsaye. Ɗaukarsa wahala ce, sannan ganguna da ƙahoni sukan danne muryarsa. A shekarar ce Leo Fender ya fito da jitar bas mai aiki da lantarki a Kalifoniya, mai tsirkiya huɗu, wadda ake ratayawa a kafaɗa. Ya sa mata suna Precision, saboda ƙarafan da aka jera a wuyanta suna nuna wa makaɗi daidai inda zai danna.

Cikin waɗanda suka nuna abin da jitar za ta iya akwai James Jamerson, makaɗin kamfanin Motown da ke birnin Ditiroyit. Da rana yana ɗakin ɗaukar faifai, da dare kuma yana kiɗa a kulob-kulob na birnin. Kayan aikinsa ba su da yawa: Precision ƙirar 1962 da ƙaramar lasifikar Ampeg B-15. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne, ba ya canza su sai sun tsinke, kuma akwai soso a ƙarƙashin murfin gindinsu da ke rage musu tsawon amo. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, ɗan ali. Daga nan muryar nan mai kauri, mai dumi, ta samo asali.

Abin takaici, ya kaɗa a waƙoƙi masu ɗimbin yawa ba a rubuta sunansa ba, har sai faifan Marvin Gaye na 1971. Ya rasu a 1983, jim kaɗan bayan an sace jitar tasa.