Smith: Yadda Sunan Maƙeri Ya Cika Ingila



Yau Ingila za mu leƙa, mu bi sawun sunan iyalin da ya fi kowanne yawa a can da Amurka, wato Smith. Ma'anarsa maƙeri.

Kalmar tsohuwa ce, ta girmi zuwan Normawa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. A wancan zamani laƙabi ne kawai, mai shi ya mutu ya tafi da abinsa. Bayan zuwan Normawa ne aka fara gadon suna, manyan masu ƙasa a gaba, talakawa a baya. Haraji ma ya taimaka, domin ƙauye guda kan tara John biyar, dole mai rubuta sunaye ya san wanne ya biya. Zuwa wajajen 1400, yawancin iyalan Ingila sun samu sunan da ɗa ke gada wajen uba.

To me ya sa Smith ya yi wa sauran fintinkau? Babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri. Shi ke ƙera bakin garma, lauje, ƙusa da takalmin doki, ranar yaƙi kuma takobi. Manoma sun yi yawa, kiran mutum manomi ba zai bambanta shi da maƙwabcinsa ba. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu, amma kowane ƙauye da nasa. Har rassa sunan ya yi: Goldsmith maƙerin zinariya, Arrowsmith mai ƙera kan kibiya.

Daga baya ya haɗiye sunayen wasu. 'Yan Ailan da yawa masu suna Mac Gabhann, ma'ana ɗan maƙeri, sun koma Smith a ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Jamusawa masu suna Schmidt da suka yi ƙaura zuwa Amurka, wasunsu sun bi sahu. Bayin da aka 'yanta a 1865, wasu sun fita da sunan iyayengijinsu. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta samu masu sunan sama da miliyan 2.4. Ke nan ba kowane Smith ne jikan maƙeri ba. Wani gado ya yi, wani ɓoye asali, wani kuwa tabon bauta ne yake ɗauke da shi.

George Orwell ya san nauyin sunan. A littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949, ya kira tauraronsa Winston Smith. Sunan da kowa ke da shi ya ba mutumin da gwamnati ta murƙushe, sai mai karatu ya ji kamar shi ake nufi.

Mu a nan sunan uba ko na gari muka fi jinginawa, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Sana'a ta fi zama a sarauta da unguwa: Sarkin Maƙera, Dukawa, Marina. Idan ka ce wance 'yar Maƙera ce, ka riga ka faɗi abubuwa da yawa a kan gidansu, har da wanda dangi za su so ta aura.

Don haka kafin ka raɗa wa tauraronka suna don daɗin faɗi kawai, tambayi kanka: wa ya sa masa, kuma me sunan ke tonawa?

Sai mun ji ra'ayoyinku. Allah Ya ƙara basira.