Katangar da ke cikin burauza: abin da ke hana shafin intanet leƙa maƙwabcinsa

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya shiga siber a Maraɗi, ya buɗe akwatin saƙonsa na Gmail, a gefe kuma ya buɗe wani dandalin sakamakon ƙwallo mai cike da talla. Shafukan biyu suna aiki lokaci guda a na'ura ɗaya. Me ya hana na ƙwallon karanta wasiƙunsa? Amsar tana cikin burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome, Firefox da Opera, wadda masu jin Faransanci ke kira navigateur.

Dokar asali ɗaya

Kusan kowane shafi yana zuwa da ƙananan umarnai da aka rubuta da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995. Umarnan nan cikin wayarka suke gudana, kuma ba ka san wanda ya rubuta su ba. Shi ya sa tun zamanin Netscape aka kafa doka: umarnin wani shafi ba ya taɓa kayan wani sai in asalinsu ɗaya. Abu uku ke nuna asali: hanyar da aka bi (http ko https), sunan gidan, da lambar ƙofar da aka shiga. Ɗaya ya bambanta, an zama bare. Ko mail.google.com da www.google.com, a idon burauza, gida biyu ne.

Sai dai shafuka ba sa rayuwa ba cuɗanya. Jarida kan saka bidiyon YouTube a tsakiyar labari, kanti kan saka akwatin biyan kuɗi na wani kamfani. A Firefox ma, babban ɓangare na burauzar kanta da JavaScript aka rubuta shi, kuma shi yana da ikon buɗe fayilolin na'ura. Dole waɗannan su yi magana da juna.

Mafitar ta yi kama da tsarin gidan Bahaushe. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida. A zaure yake tsayawa, a aika yaro. Idan umarnin wani shafi ya nemi wani abu na shafin maƙwabci, ba a miƙa masa abin kansa. Ana ba shi wakili, wanda masana ke kira ƙunshi, shi ne ke karɓar kowace buƙata ya duba ko ta halatta. Bare na iya aika wa taga saƙo, ya rufe ta, ko ya tura ta wani adireshi. Ba zai iya karanta abin da ke cikinta ba, ko adireshin da take kai ma.

Yadda aka sauƙaƙa aikin

Da farko faci ake yi. A Yulin 2005 Mark Pilgrim ya nuna cewa Greasemonkey, wani ƙari da ake ɗora wa Firefox, yana barin ƙofa da kowane shafi zai bi ya karanta fayilolin mai na'ura. Irin waɗannan ramuka ne suka sa Mozilla ta riƙa ƙara ƙunshi sabo ga kowace matsala, har suka taru iri-iri, kowane da dokarsa. Illar ita ce sai mai rubuta manhaja ya tuna da wanda ya dace a kowace mahaɗa. Ya manta sau ɗaya, ɓarawo ya samu taga.

Firefox 4, da ta fito a Maris 2011, ta sake ginin daga tushe. Kowane abu na JavaScript aka ba shi ɗakin da yake zaune, kuma aka hana kowace hanya kai tsaye daga ɗaki zuwa ɗaki. Duk abin da zai ƙetare sai ta ƙunshi, kuma injin ne da kansa ke zaɓensa, bayan ya gwada matsayin ɗakunan biyu. Idan asalinsu ɗaya, ƙunshin ba ya hana komai. Idan bare ne, ƴan abubuwa kaɗan irin waɗanda aka ambata kaɗai yake bari. Idan shafi ne ke neman kayan burauza, ƙofa a rufe take ruf.

Hali na huɗu ya fi ban sha'awa: lokacin da burauza ce ke duba kayan shafi. Ai mai gida ne, me zai ji tsoro? Yaudara. JavaScript yana barin shafi ya sauya ma'anar ayyukansa, ta yadda burauza za ta tambayi abu a ba ta amsar ƙarya. Don haka aka yi ƙunshin da ake kira Xray, sunan hoton asibiti, wanda ke ratsa kwalliyar da shafi ya yi ya ga ainihin abin. A ganina nan ne darasin aikin yake: an ɗauke tsaro daga ƙwaƙwalwar ɗan Adam mai mantuwa, an mayar da shi cikin ginin.

Inda abin ya shafi wayoyinmu

A Janairun 2018 aka bayyana Spectre, wani rauni a cikin ƙwaƙwalwar na'ura kanta, wanda ke ba umarni damar leƙa ma'ajiyar da yake tarayya da wasu, ko da ƙunshi ko babu. Zaure bai isa ba ke nan, sai a raba gidaje. Chrome 67 ta fara ware kowane dandali a nasa keɓaɓɓen aikin a kwamfuta cikin 2018, Firefox ta bi a ƙarshen 2021.

Rabon yana cin ma'ajiyar RAM. Da Google ta kawo shi Android a Chrome 77, a 2019, ta taƙaita shi ga wayoyin da ke da aƙalla giga 2, kuma ga dandalin da ake shigar da kalmar sirri. Wayar giga 1, irin mai araha da manomin rani na Jiratawa ko ɗan tireda na Tsibiri zai fi iya saye, ba ta shiga wannan rabo ba. Dokar asali ɗaya tana aiki a kanta, amma katanga ta biyun babu. Mai irin wannan waya ba abin da ya kai masa sabunta burauza muhimmanci, ko da megan da za ta ci ya yi masa ciwo.

Akwai kuma abin da katangar ba ta taɓa alkawarin yi ba. Idan aka turo maka adireshi ta WhatsApp, shafi ya buɗe da tambarin kamfanin aika kuɗi yana neman lambar sirrinka, burauza ba ta ga laifi ba: shafin bai ƙetare iyakar kowa ba, kai ne ka miƙa. Dokar Nijar ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga masu damfara ta na'ura, amma wannan bayan kuɗi sun tafi ne. Haka a siber: katangar shafi da shafi take rabawa, ba ta raba ka da wanda zai hau kujerar bayanka in ka tashi ba ka fita daga akwatinka ba.