Ɗori a Bakin Iyakar Jibiya

Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyakar da ta raba Jibiya da Maraɗi a farkon ƙarni na 20, duk wanda ƙaddara ta faɗa masa ya karye a tsintsiyar hannu, ko doki ya kayar da shi ko ya zamo daga bishiya, wurin maɗori ake kai shi, wanda galibi ya gaji sana'ar daga kakanninsa. Sai ya yi bismilla, ya ja ƙashin ya daidaita shi, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, sa'an nan ya yi tofi.

Da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, sai ga hoton ƙashi da tiyata da ƙarfen da ake dasawa, amma jama'a ba su bar maɗora ba, saboda kusanci da rangwame da kuma tsoron yanke hannu. Abin takaici, ɗaurin da ya tsananta har ya hana jini gudana shi ne sau da yawa musabbabin yankewar. Wanda aka yi wa tiyata kuwa, likita kan umarce shi da motsa yatsu tun kwanakin farko, domin kada gaɓoɓin su sandare kafin ƙashin ya haɗe cikin mako shida ko fiye.