Sunaye nawa ya kamata a yi wa rajista a intanet don kare tambarin kasuwanci?

Sunan shafin intanet, wanda ake kira nom de domaine da Faransanci, shi ne adireshin da mai saye yake bugawa don ya iske kamfani ko ƙungiya. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya riga zuwa shi ke samu. Hayarsa ake yi, daga shekara 1 zuwa 10, kuma idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, wani na iya ɗaukarsa.

Ga ƙungiyar manoman tattasai ta bakin Komadugu, ko ɗan kasuwar Difa mai tura kaya Damagaram, Yamai da Maiduguri, sunaye 3 zuwa 4 sun wadatar. Tun bayan shirin da hukumar ICANN ta buɗe a 2012, wutsiyoyin adireshi irin su .com sun haura dubu ɗaya, don haka babu aljihun da zai iya saye su duka.

Waɗanda suka fi muhimmanci

Na farko shi ne .com, wanda mutane suka fi sabawa da shi. Na biyu .ne, wutsiyar Nijar, mai nuna wa mai saye asalin kaya. Na uku .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ga wanda kasuwarsa ta tsallaka Najeriya, kamar yadda take ga yawancin ƴan tattasai. Na huɗu shi ne wani rubutun sunan da jama'a suka saba yi. Shafi ɗaya ake ginawa, sauran sunayen a sa su riƙa kai mai bincike can.

Batun rubutu ya fi damun yankinmu. Adireshin intanet ba ya karɓar waƙafin sama, saboda haka N'Guelbély sai dai ya koma nguelbely. Wani Diffa yake rubutawa, wani Difa. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ ma, yawancin mutane k da d suke bugawa a salula. Gara a zaɓi rubutu mafi sauƙi tun farko.

Adireshi ba ya maye gurbin rajistar tambari

Mallakar adireshi ba ta ba mutum haƙƙin sunan a gaban doka. Wannan haƙƙi daga hukumar OAPI yake fitowa, mai mazauni a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya tana kare tambari a ƙasashe 17, har da Nijar, Cadi da Kamaru, tsawon shekaru 10, kuma ana sabuntawa. Najeriya ba ta cikin OAPI, don haka mai son kariya a can sai ya yi wata rajistar a Abuja.

Sunan wuri kuwa, kamar tattasan Difa, ba na mutum ɗaya ba ne. Irin wannan ta hanyar tambarin haɗin gwiwa ko shaidar asalin kaya ake kare shi, kamar yadda aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi a OAPI.

Idan wani ya riga ɗauka

Ga adireshin .com, .net da .org akwai tsarin UDRP da ICANN ta kafa a 1999. Ana iya kai ƙara cibiyar sasanci ta OMPI da ke Janeba. Mai ƙara zai nuna abu uku: adireshin ya yi kama da tambarinsa, wanda ya riƙe shi ba shi da haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi ya yi rajistarsa yake amfani da shi. Kuɗin ƙarar ya kama daga dalar Amurka 1,500, wato sama da jika 800 na sefa, alhali hayar .com a shekara ba ta cika wuce dala 20 ba.

Abin kiyayewa na ƙarshe: a rubuta adireshin da sunan ƙungiya ko kamfani, ba da sunan wanda ya gina shafin ba, kuma a ajiye ranar sabuntawa a kundin sakatare, don kada sunan ya suɓuce saboda mantuwa.