Klingon: Yaren Da Fim Ya Haifa

Mai karatu, ko ka san akwai yaren da babu ƙabilar da ta gaje shi, amma yana da ƙamus? Sunan sa Klingon. Masu shirya fim ɗin Star Trek III na 1984 a Amurka su ne su ka ɗauko masanin harshe Marc Okrand, ya tsara wa mayaƙan wata duniya nahawu da kalmomi. A 1985 ya fitar da ƙamus. Daga nan fa 'yan kallo su ka karɓe abin: a 1992 aka kafa cibiyar nazarin yaren, har wasan Hamlet na Shakespeare su ka fassara.

To, mu fa? Tun 1969 Umaru Dembo ya kai Kilba sararin samaniya a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya. Yaran Talata Mafara, Bakura da Maradun kuwa sun gaji zaurance, inda ake cusa gaɓa cikin kalma bisa ƙa'ida. Amma aljanun finafinan mu sai gwaranci da ihu kawai.

Haba darakta! Nemi malamin harshe ya tsara wa aljanin ka yare. Abin da ke da ƙa'ida shi ɗan kallo ke haddacewa.