Simon Rottenberg da Asalin Nazarin Tattalin Arzikin Wasanni

Kafin shekarar 1956 masana tattalin arziki ba su ɗauki wasanni a bakin komai ba. A wannan shekara ce Simon Rottenberg na Jami'ar Shikago ta Amurka ya wallafa maƙalarsa game da kasuwar 'yan wasan besbol. A zamanin, ƙa'ida ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya guda, ba ya barin ta sai da yardar masu ita. Hujjarsu kuwa, in aka sake shi, ƙungiyoyi mawadata za su kwashe gwanaye kaf, gasa ta mutu.

Rottenberg ya rushe wannan hujja. Ya nuna cewa, da ƙa'idar da babu ita, gwani yakan ƙare ne inda ya fi kawo riba, domin ƙaramar ƙungiya za ta sayar da shi ga babba. Abin da ƙa'idar ke yankewa kurum shi ne wanda zai ci kuɗin, mai ƙungiya ko mai zubar da gumi.

A 1974 Gerald Scully ya nuna da alƙaluma cewa ladan 'yan wasa bai kai abin da suke samarwa ba. A 1975 hukuncin mai sasantawa Peter Seitz ya karya ƙarfin ƙa'idar, albashi kuwa ya hau.